Shagon Tsofaffin Kwalaben Magani da Na Shiga a Ingila

Shekara 26 ke nan ina sayar da magani a Zariya. A saman ƙofar shagona akwai allo mai ɗauke da sunana, a ƙasansa an rubuta Patent Medicine Store da jan fenti. Mutanen unguwa ba ruwansu da wannan rubutu, kemis suke cewa, ni ma kemis nake cewa. Sau uku ina sake fentin allon nan, lasisi kuwa na sabunta shi ba adadi, amma asalin wannan suna sai bara na ji shi, a bakin wani dattijon Bature, lokacin da na je Ingila ganin jikana na fari. 'Yar wajena tana aikin jinya a yankin Yorkshire, ita ce ta ce mini wata ranar Asabar: "Baba, yau zan kai ka inda za ka manta da sanyin nan." Na ce: "To Uwata, mu je mu gani."

Wurin tsohuwar masaƙa ce ta baƙin dutse, ba nisa da Bradford, an mayar da ita kasuwar kayan da. Hawa uku ne, kowane hawa rumfuna ne jere, wani na agogo, wani na littattafai, wani na tangaran. Wanda muka zo dominsa yana can ƙuryar hawa na ƙarshe, ba shi da allo, ba shi da suna, sai hasken kwalabe da za ka hango tun daga bakin matakala: shuɗi, kore, ruwan zuma, da wani fari mai ratsin tsanwa irin na tsohon gilashi. Mai wurin ya yi ritaya ne daga aikin haɗa magunguna, ya kai shekara saba'in da wani abu, hannunsa na ɗan rawa amma idan ya ɗauki kwalba sai rawar ta tsaya. Kusan duk hajarsa kwalabe ne da gwangwanaye da 'yan akwatuna na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma kusan dukkansu babu komai a ciki. Ya ce mini da yawa shi ya haƙo su da hannunsa a tsofaffin jujin bayan gari, inda ake kai toka da shara a wancan zamani, bayan ya nemi izinin masu filin.

Da 'yata ta gaya masa sana'ata, sai na nuna masa hoton shagona a waya. Ya matso da tabarau, ya karanta allon a hankali, ya ɗago ya dube ni, ya ce ashe har yanzu akwai inda wannan suna yake raye. Daga nan ya jawo mini kujera. Mun shigo da niyyar rabin awa, muka yi kusan awa uku.

Ga yadda ya warware mini zancen. A da can, sarakunan Ingila kan ba wani mai sana'a takardar amincewa ta musamman da ake kira patent, wadda ta ba shi ikon yin abinsa shi kaɗai. Wasu masu magani sun samu, sai sunan ya bi duk wani magani da ake sayarwa a rufe, da sunan mai shi a jiki, ba tare da an faɗi abin da ke ciki ba. Mafi yawan masu irin wannan magani a zamanin Biktoriya ba su taɓa neman takardar ba, domin duk wanda ya nema dole ya bayyana sirrin haɗinsa, su kuwa sirrin nan shi ne jarinsu. Abin da suke yi shi ne biyan haraji: gwamnati ta sa wa kowane kwali kan sarki, a manna shi a bakin murfi. Talakan da ya ga tambarin gwamnati a jikin kwalba sai ya ɗauka hukuma ta duba ta amince, alhali kuɗinta kawai ta karɓa. Wannan haraji bai gushe ba sai 1941. Turawan mulkin mallaka suka zo mana da dokokinsu da kalmominsu, shi ya sa har yau mu masu ƙaramin lasisi muke ɗauke da sunan a saman ƙofa.

Abu na farko da na saya ɗan akwatin katako ne zagayayye, bai kai tafin hannu ba, na ƙwayoyin Beecham's Pills. Takardar da ke kan murfin ta yi ruwan ƙasa amma rubutun na nan. Da na karanta farashin sai da na yi murmushi, domin kuɗi ne da na ji a bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa: sule ɗaya da ahu. Yaran yanzu ba su san ahu ba, kwabo ɗaya da ɗari ne, rabin taro. Dattijon ya ce sulen shi ne kuɗin magani, ahun nan kuwa shi ne harajin kan sarki. Thomas Beecham yaro ne makiyayin tumaki a karkarar Oxfordshire, ya fara tallar ƙwayoyinsa a kasuwanni, daga baya ya kafa masana'anta a St Helens, kuma kirarin da ya yi wa kayansa shi ne kowane akwati ya cancanci gini guda, wato fam ɗaya da sule ɗaya. A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta sa aka kai irin waɗannan magunguna ɗakin gwaji, ta buga sakamakon a littafi mai suna Secret Remedies. Ƙwayar Beecham abu uku aka samu a ciki: busasshen ruwan ɗacin ganye dangin alobera, garin citta, da garin sabulu. Kayan haɗin ƙwaya 56 da ke cikin akwati aka ƙiyasta kuɗinsu kashi ɗaya cikin takwas na kwabo. A lissafin iyayenmu, anini ɗaya da 'yar ɗoriya ke nan.

Ba zan zalunci Beecham ba. Ƙwayarsa tana sa mutum ya zaga, kuma mutanen da ke rayuwa kan burodi da shayi da dankali, ba ganye ba 'ya'yan itace, lallai suna bukatar hakan. An ci gaba da yin ta har 1998. Inda na ga laifi shi ne dogon jerin cututtukan da ake cewa tana warkarwa, tun daga ciwon kai da jiri har ƙurajen fata da munanan mafarkai da matsalolin mata. Ina riƙe da akwatin nan sai na ji kamar muryar masu lasifika a tashar mota, kwalba ɗaya ta basir, ta sanyi, ta shawara, ta taifod, ta ciwon baya, ta ƙarfin maza.

Na kuma ɗauki ƙaramin kaskon tangaran na man shafawar Holloway, mai zanen wata mata zaune da yaro a gefenta da maciji naɗe a jikin ginshiƙi. Shi ma jerin nasa ya haɗa da gyambo da sanyin ƙashi da ciwon nono. Kitse ne da mai da kakin zuma galibinsa. Thomas Holloway talla ya iya, har an ce a ƙarshen rayuwarsa yana kashe fam dubu 50 a shekara kan talla kaɗai, kuma da dukiyar ya gina kwalejin mata ta Royal Holloway, wadda Sarauniya da kanta ta buɗe a 1886, shekara uku bayan rasuwarsa. Kaskon yana da kyau a ido, shi ya sa na saya, ba ni da wani dogon zance a kansa.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce shuɗiyar kwalba. Dattijon ya ce in rufe ido, ya ɗora mini kwalabe biyu a hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta dama sumul take, zagayayya. Ta hagu kuwa kusurwa shida gare ta, gefe uku an yi musu zane-zane masu tudu daga wuya har gindi, kamar bayan faranti na wanki, ga wasu haruffa da suka kumburo a ƙarƙashin babban yatsana. Kafin in buɗe ido hannuna ya riga ya san wannan ba irin waccan ba ce. Da na buɗe sai na ga shuɗi mai duhu kamar baba a marina, rubutun kuma cewa yake ba na sha ba ne. Ya ce in tuna gidajen ba su da lantarki. Uwa ta tashi tsakar dare yaro na tari, kyandir ya mutu, ta miƙa hannu kan kanta tana lalube, ga maganin tari ga ruwan kashe ƙwari gefe da gefe. Kuma da yawa ba su iya karatu ba. Sai aka yi kwalbar da za ta yi wa yatsa magana. Na daɗe ina juya ta. Mu da muke zaune inda wuta kan ɗauke kwana biyu, inda ake zuba kananzir da fiya-fiya a robar lemo a ajiye a gindin gado, mun fi kowa bukatar wannan dabara, kuma an yi ta fiye da shekara ɗari da ta wuce.

Daga zancen kwalbar ya gangaro kan abin da ya faru a Bradford ɗin nan a 1858. Sukari na da tsada a lokacin, masu yin alewa sukan gauraya shi da wani farin gari mai arha irin na shafe bango. Wani mai alewa ya aiki mutum ya sayo masa garin a wurin wani mai magani a Shipley, kusa da Bradford. Mai shagon ba shi da lafiya yana kwance, sai ya kwatanta wa yaron shagonsa gangar da zai ɗebo a ɗakin ajiya. Yaron ya buɗe wata gangar, ya auno laba 12 na gubar asenik, ita ma fara ce sol. Aka yi minti da ita, aka kai kasuwa ranar Asabar, ranar da ma'aikata ke karɓar albashi suna saya wa 'ya'yansu tsaraba. Mutum kusan 20 suka mutu, sama da 200 suka kwanta. An kai mai shagon da yaronsa da mai alewar kotu, aka sallame su, domin babu dokar da suka karya. Sai a 1868 aka yi dokar da ta ce guba, har da ofiyom mai bugarwa da sa barci, ba mai sayar da ita sai wanda aka yi wa rajista, kuma dole a rubuta a jiki cewa guba ce tare da sunan mai sayarwa. Ina sauraro ina tuna sau nawa zazzaɓi ya kwantar da ni na bar wa yaro shago, yana leƙowa ta taga yana tambaya ina kaza yake, ina kwatanta masa daga kan katifa.

Sai dai dokar ta 1868 ta bar ƙofa a buɗe: ba ta shafi magungunan sirrin nan masu kan sarki ba. Nan ne ya miƙo mini abu na huɗu da na saya, kwalba siririya, doguwa kamar yatsa biyu a haɗe, ruwan tsanwa-tsanwa, da rubutu mai tudu daga sama zuwa ƙasa: Mrs Winslow's Soothing Syrup. Daga Amurka ya fito, wasu 'yan kasuwa biyu, Curtis da Perkins, suka fara sayar da shi a garin Bangor na jihar Maine, ya kuma cika shagunan Ingila. Ya nuna mini katin tallarsa: uwa kyakkyawa kwance kan gado mai laushi, 'ya'yanta ɓul-ɓul suna wasa a jikinta. Maganin fitar haƙori ne, in ji su, yana sanyaya dasashi, yana kwantar da ciki, yana ba uwa hutu. Abin da ke ciki mofin ne, wanda ake tacewa daga ofiyom, a ruwan sukari da barasa. Yaro zai yi shiru kam. Wani ya yi barci ya tashi, wani bai tashi ba. A 1911 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin jerin da ta kira masu kashe jarirai, amma bai bar kasuwa ba sai wajen 1930.

Talakawan Ingila ma suna da nasu tun kafin wannan, Godfrey's Cordial, ofiyom ne a cikin baƙin ruwan rake mai kauri, ana auna shi na kwabo a shagon unguwa. Ruwan ofiyom da aka jiƙa a barasa, wanda suke kira laudanum, shi ma a wurin mai kayan masarufi ake sayensa kamar gishiri, ya fi giya arha. Dattijon ya buga ƙafarsa a daɓen katakon da muke zaune a kai, ya ce matan da suka yi aiki a wannan ɗaki, tun duhun asuba har dare a gaban injin saƙa, su ne masu sayensa. Uwa ta bar jinjiri a hannun wata tsohuwa mai rainon yara biyar ko shida, tsohuwar ta ba kowa cokali don ta samu sararin kanta. Da daddare uwar ta dawo a gajiye, dole ta yi barci don ƙararrawar asuba ba ta jira, ita ma ta ba shi cokali. Yawancin yaran ba yawan maganin ne ke kashe su nan take ba. Yaron da ofiyom ya kwantar ba ya jin yunwa, ba ya kuka, ba ya neman nono, sai ya yi ta ramewa a hankali. Wani likita da gwamnati ta aika yankin fadamun gabashin Ingila ya rubuta a rahotonsa na 1864 cewa jariran kan yamutse su koma kamar 'yan tsofaffi. A takardar mutuwa sai a rubuta rama, ko taune-taune, ko haƙori.

'Yata tana tsaye da jikana a ƙirjinta cikin zanin goyo, wata huɗu da haihuwa, na ga ta ƙara rungume shi. Ni kuwa ba matan Ingila nake gani ba a lokacin. Ina ganin matan da ke zuwa mini bayan magariba, mayafi a karkace, ido ya yi ja, su ce: "Alhaji, don Allah a taimaka mini da na haƙori, kwana uku ba mu runtsa ba." Wata ma ba ta ɓoyewa, cewa take a ba ta abin da zai sa shi barci. Ba mugunta ba ce, gajiya ce, kuma wanda bai taɓa kwana da yaro mai tsala ihu ba ba zai gane ba. Ina tuna 2008, lokacin da wani ruwan maganin haƙori da aka haɗa a Legas ya gurɓata da sinadarin da ke lalata ƙoda, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, wasunsu a asibitocin arewa. Ranar da aka yi sanarwa a rediyo na kwashe duk wani mai suna maganin haƙori daga kanta, wanda abin ya shafa da wanda bai shafa ba. Ina kuma tuna shekarun kodin, kafin gwamnati ta hana shi a maganin tari a 2018, da irin samarin da na kora daga bakin shago da matan auren da ake aiko wa yara da takarda. Kodin daga ofiyom ɗin nan ake samunsa, kuma shi ma a ruwa mai zaƙi ya zo mana.

Akwai wani garin haƙori da ya nuna mini a ƙunshin takarda, na Steedman, wanda ba ya sayarwa domin garin na ciki. Sinadarin zaiba ne a cikinsa. Shekara da shekaru likitoci suna fama da wata cuta da ke sa tafin hannu da na ƙafar yara su yi ja su saɓule, yaro ya ƙi haske, ya yi ta kuka, ba a gano daga ina take ba. Da aka cire zaiba daga garin haƙori a shekarun 1950 sai cutar ta ɓace. Har ma akwai wani kamfanin mai suna Stedman, bambancinsu harafi ɗaya, shi ya sa na farkon yake buga harafin E guda biyu manya a tallarsa don kada a ruɗe. Duk mai kemis ya san wannan wasa na sunaye masu kama da juna. Abu na biyar da na saya ƙaramar kwalba ce shuɗiya ta Chlorodyne, wanda wani likitan soja, John Collis Browne, ya haɗa a Indiya a 1848 don masu kwalara: mofin, da ruwan tabar wiwi, da kulorofom. A kansa ne kotu ta yanke hukunci a 1892 cewa ko maganin sirri ne, in dai da guba a ciki, sai an rubuta.

Bayan wannan zance mai nauyi, sashen da ya sanyaya mini rai shi ne wata doguwar durowa ta katako mai ƙananan aljihuna da yawa, kowanne da sunan Latin a kan ɗan gilashi. Ba ta sayarwa ba ce, daga shagon da ya koyi aiki ya gado ta, kuma ya zuba wa wasu aljihunan kayansu don masu ziyara su shaƙa. Ya jawo ɗaya, na kai hanci, na ce filasko. Ya jawo wani, kanumfari, su ma shi suke sa wa haƙori mai kogo. Ga kafur, ga citta, ga farar wuta da iyaye ke kwaɓa wa yara da ruwan rake idan sanyi ya wuce wai don wanke jini. Da ya buɗe na ƙaro sai na ce masa wannan ɗan gidanmu ne, ya ce ai daga Sudan da Senegal jiragen ruwa ke kawo musu, da shi ake ɗaure garin magani ya zama ƙwaya. Ya sauko da tulun tangaran mai murfi da 'yan huji inda ake ajiye matsattsaku da rai, da ƙananan kofunan gilashi na yin ƙaho, da wani ɗan akwatin tagulla mai kunama wanda idan an danna asake goma sha biyu ke fitowa lokaci guda su yi tsaga. Na ce masa wanzaminmu da aska ɗaya yake yi, kuma har gobe ana yi.

Na gida kuwa, in ji shi, kakarsa kan shafa masa kitsen dinya a ƙirji ta rufe da takarda mai kauri idan yana tari, ta ɗaura burodi jiƙaƙƙe da ruwan zafi a kan maruru don ya nuna, ta ɗura masa man kifi a cokali duk safiya lokacin hunturu. Wasu suna aiki, wasu ɗumi ne kawai da hannun kaka. Abin da na lura shi ne matar da ta kwaɓa burodi da ruwan zafi ta san abin da ta ɗora wa ɗanta, wadda ta sayo kwalba mai hoton uwa da kan sarki ba ta sani ba, kuma ita ce ta biya kuɗi. A kan kantata ta Zariya ma akwai 'yan wancan zamani da suka rayu: Woodward's Gripe Water da aka fara a Nottingham a 1851, wanda a da yake da barasa kafin a cire ta, da gishirin Andrews na Newcastle tun 1894, da basilin da aka yi wa rajista a Amurka a 1872. Yanzu kowanne an rubuta abin da ke cikinsa a jiki, da lambar hukuma, da ranar lalacewa.

To, ga inda shagon ya gaza, don wanda zai je ya shirya. Matakalar tana da tsayi da santsi, babu na'urar hawa, sai da na huta sau biyu, kuma hawan na sama ba a ɗumama shi, yatsuna sun ƙage kafin mu fito. Rabin kayan ba farashi a jiki, sai ka tambaya, ya ɗan yi tunani, ya faɗa, wanda hakan ba ya ba baƙo natsuwa. Ba ya karɓar kati, sai da surukina ya sauka neman na'urar cirar kuɗi. Katin tallar Winslow da na so in haɗa da kwalbar, sai da na tambaya da bakina sannan ya ce mini sabon bugu ne aka kwaikwaya, ba na asali ba. Bai yi mini ƙarya ba, amma ya kamata a ce an rubuta a jiki, musamman a shagon da darasinsa duka a kan rubuta gaskiya a jikin kaya yake. Na bar katin. Ƙunshin garin zaiban nan kuma a kanta ta ƙasa yake, daidai hannun yaro mai tafiya, na gaya masa, ya ce zai ɗaga. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne naɗi: tsohuwar jarida kawai ya nannaɗe su da ita ya zuba a leda. Na ƙara da safa da rawani a cikin akwati, duk da haka da na sauka Kano na tarar bakin kwalbar Chlorodyne ya ɓantare.

Kuɗi kuwa, akwatin Beecham fam 15, kaskon Holloway fam 25, kwalbar Winslow fam 12, shuɗiyar mai kusurwa shida fam 8, Chlorodyne fam 6. Ya kama fam 66, na taya, ya bar mini a 60. Idan aka juya shi zuwa naira kuɗi ne mai ciwo a kan kwalaben da ba komai a ciki, na sani. Amma awa ukun da ya zauna yana buɗe mini aljihu yana amsa tambaya bai karɓi ko kwabo a kansu ba, kuma duk abin da na je na bincika daga baya cikin maganganunsa na same shi daidai. Kaskon Holloway ne kaɗai nake ganin ya yi tsada. Duk mai kemis ko ma'aikacin jinya ko ɗalibin haɗa magunguna da hanya ta kai shi Yorkshire, ya nemi irin wannan rumfa, ya tafi da rigar sanyi da tsabar kuɗi da abin naɗi nasa, ya kuma tambayi kowane kaya na asali ne ko kwaikwayo.

Yanzu suna kan kanta ta sama a shagona, bayan gilashi, inda hannu ba ya kai. Shuɗiyar mai kusurwa shida ce kaɗai nake saukowa da ita. Na sa yaron shagona ya rufe ido ya riƙe ta kamar yadda aka yi mini, washegari na tarar ya naɗa wa robar ruwan wanke ciwo da ta sinadarin goge ƙasa zaren roba mai kaushi a wuya, ya mayar da su can ƙasa nesa da na sha. Akwai abu ɗaya da na baro wanda raina ke kai: allon murza ƙwaya, na jan katako da tagulla, mai kwari 24, inda ake mulmula kwaɓin magani kamar igiya a ɗora a kai, a ja marfin sau ɗaya ƙwayoyi su gangaro cikin tire. Fam 180 ya ce, aljihuna bai kai ba a lokacin. Ya rubuta sunana a 'yar takarda ya saƙale a jikinsa, ya ce zai riƙe mini zuwa bayan Babbar Sallah. Na riga na aika wa Uwata rabin kuɗin, na kuma ce ta tafi da tawul biyu ta naɗe shi da kanta.